Caucasian: Yadda Sunan Wasu Duwatsu Ya Koma Sunan Farar Fata

A ranar 28 ga Maris, 2024, ofishin da ke tsara kasafi da ƙa'idojin aiki na gwamnatin Amurka ya sauya yadda ake tambayar mutum launinsa da asalinsa a takardun hukuma. Babban abin da ya canja shi ne an buɗe wa mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka nasu gurbin na daban. Tun 1977 har zuwa wannan rana, a lissafin gwamnatin Amurka, Bamisire da ɗan Lebanon da ɗan Iran duk farar fata ne, sahu ɗaya da Bajamushe da ɗan Ingila. Da aka shiga muhawara a kan sauyin, sai wata tsohuwar kalmar Ingilishi ta riƙa dawowa bakin mutane, wato Caucasian, wadda Amurkawa kan furta kamar "Kokeshan". Wasu na cewa ai Larabawa ma Caucasian ne, me zai sa a ware su? Wasu na cewa kalmar tun asali ba ta da tushe.

Mai karatu ba sai ya je Amurka ba kafin ya ci karo da ita. Ɗalibin da ke cike fom ɗin neman tallafin karatu a shagon intanet zai iya ganin ta cikin jerin akwatunan da ake so ya zaɓi ɗaya. Mai fassara labarai zai gan ta a sanarwar 'yan sandan Amurka idan suna neman wani mai laifi. Wanda kuma ya taɓa neman karen gadi a Abuja ko Jos ya san masu kiwon karnuka na tallar wani ƙaton kare mai gashi buya-buya da wannan suna. Kalma ɗaya ce, amma ba abu ɗaya take nufi a wuraren nan ba, kuma wanda bai san tarihinta ba zai iya yin fassarar da ta juya magana baibai.

## Duwatsun da suka ba da sunan

Asalin kalmar sifa ce ta wuri, kamar yadda Bahaushe ke cewa Bakano ko Bakatsine. Tsakanin tekun Bahar Aswad da tekun Kaspiyan akwai jerin manyan duwatsu da suka miƙa wajen kilomita 1,200, ana kiran su Kaukasus, Larabawa kuma suna cewa Ƙauƙaz. Dutsen Elbrus, wanda ya fi kowanne tsawo a cikinsu, ya kai mita 5,642. A kudancin duwatsun akwai ƙasashe uku masu 'yancin kansu: Jojiya, Armeniya da Azarbaijan. Arewacinsu yana cikin Rasha, inda ake da jamhuriyoyi irin su Checheniya, Dagestan da Ingushetiya. Duk abin da ya fito daga wannan yanki, mutum ko harshe ko dabba, shi ne Caucasian a ma'anar farko. Karen nan da ake sayarwa a Abuja ya ci sunansa da gaskiya, domin makiyayan duwatsun ne suka raine shi don tsare tumaki daga kerkeci, shi ya sa ma gashinsa ke wahalar da shi a zafin ƙasarmu.

Masu kallon wasanni sun san mutanen yankin ko da ba su san sunan yankin ba. Khabib Nurmagomedov, ɗan wasan dambe da kokawa, wanda ya doke Conor McGregor a 2018 ya kuma yi ritaya ba a taɓa cin sa ba, ɗan ƙabilar Awar ne daga Dagestan. Khvicha Kvaratskhelia, wanda ya lashe gasar Serie A ta Italiya tare da Victor Osimhen a Napoli a 2023, ɗan Jojiya ne. Henrikh Mkhitaryan da ya buga wa Manchester United da Arsenal ɗan Armeniya ne. Stalin ma ɗan garin Gori ne a Jojiya. Waɗannan su ne 'yan Kaukasus na ainihi.

Yanki ne da ba za a iya ɗaure shi da igiya ɗaya ba. Malaman Larabawa na da can sun yi masa laƙabi da dutsen harsuna saboda yawan yarukansa. A Dagestan kaɗai ana magana da harsuna sama da 30. Akwai dangogin harsuna uku da ba a samun su na asali a ko'ina sai nan: dangin harshen Jojiya, dangin harshen Checheniya da Awar, da dangin harshen Sarkasawa da Abkaz. Ban da su ga Armeniyanci, wanda yake da dangantaka da Farisanci da harsunan Turai, ga Azarbaijanci, ɗan'uwan Turkanci. Ta fuskar addini kuwa, Armeniya da Jojiya na cikin ƙasashen da suka fara karɓar Kiristanci tun ƙarni na huɗu, yayin da Musulunci ya isa birnin Darband, wanda Larabawa ke kira Babul Abwab, tun ƙarnin farko na Hijira. Daga waɗannan duwatsu ne Imam Shamil ya yi shekara 25 yana yaƙar daular Rasha kafin ya miƙa wuya a 1859. A Madina ya rasu a 1871. Daga nan ne kuma Rasha ta kori ƙabilar Sarkasawa a 1864, zuriyarsu ta watsu a Turkiyya da Siriya da Jodan.

To, mutumin Landan ko na Texas wanda kakanninsa ba su taɓa taka wannan ƙasa ba, ta ina ya gaji sunanta?

## Ƙoƙon kai ɗaya a Jamus

Amsar tana jami'ar Gottingen a Jamus, ƙarshen ƙarni na 18. A lokacin malaman Turai sun duƙufa wajen karkasa duk abin da suka gani, tsirrai da dabbobi da ma'adinai, sai suka juyo kan ɗan Adam. A 1785 wani malamin falsafa a jami'ar, Christoph Meiners, ya raba mutanen duniya gida biyu. Ya kira gida ɗaya na Kaukasus, ya ce su ne kyawawa. Ya kira ɗayan na Mongol, ya ce su ne munana. Ma'aunin nasa ke nan, bai ɓoye ba.

Wanda ya ba kalmar daraja shi ne abokin aikinsa, likita kuma masanin halittar jiki, Johann Friedrich Blumenbach. Shi mutum ne mai tara ƙoƙunan kawunan mutane daga sassan duniya, yana auna su yana kwatantawa. A bugu na uku na littafinsa kan bambance-bambancen ɗan Adam, wanda ya fito a 1795, ya kasa mutane kashi biyar: na Kaukasus, na Mongol, na Habasha, na Amurka da na Malay. Cikin ƙoƙunan da ya tara akwai na wata mata 'yar Jojiya da aka kama a yaƙi ta mutu a Mosko, aka aiko masa da shi daga Rasha. Ya ga babu wanda ya kai wannan ƙoƙo daidaituwa da kyan tsari a idonsa. Ya kuma karanta rahoton matafiya, musamman Bafaranshen nan Jean Chardin, da suka yi ta yabon kyawun mutanen Jojiya. Sai ya yanke cewa a wannan yanki ne ya fi dacewa a nemi asalin siffar ɗan Adam, sauran launuka kuma sun sauya ne daga gare ta saboda yanayi da abinci da irin rayuwa.

Akwai abin da ya share wa wannan ra'ayi hanya a zukatan Turawa. A al'adar Kiristocin Turai, jirgin Annabi Nuhu ya tsaya ne a duwatsun Ararat, daf da Armeniya, don haka tunanin cewa daga can mutane suka sake yaɗuwa ba baƙo ba ne gare su. Alƙur'ani a Suratu Hud ya ambaci Judiy a matsayin inda jirgin ya tsaya.

Adalci ga Blumenbach shi ne a faɗi cewa ba irin Meiners ba ne. Ya tsaya a kan cewa 'yan Adam duk tsatso ɗaya ne, ya ƙi cinikin bayi, har yana tara rubuce-rubucen baƙaƙen fata don nuna cewa basirarsu ba ta gaza ta kowa ba. Ya kuma rubuta cewa kashe-kashen nan biyar suna narkewa cikin juna, babu wata iyaka tsayayya a tsakaninsu. Amma waɗanda suka zo bayansa sun ɗauki sunayen da jerin, suka bar gargaɗin. Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne girman rumbun da ya kira na Kaukasus: ya zuba yawancin Turawa a ciki, da mutanen Yammacin Asiya har zuwa kogin Ganges a Indiya, da mutanen Arewacin Afirka. Wato tun ran gini, kalmar ta fi "Bature" faɗi nesa ba kusa ba. Daga wannan faɗi ne rigimar da ta biyo baya ta taso.

## Wata uku, hukunci biyu

A Amurka kalmar ta fita daga ɗakin karatu ta shiga kotu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1790 ta ce baƙon da zai iya neman takardar zama Ba'amurke sai ɗa, farar fata. A 1870, bayan yaƙin basasa, aka ƙara da 'yan asalin Afirka. Duk wanda ba ya cikin gida biyun nan ƙofa a rufe take gare shi. Da baƙi suka fara zuwa daga Siriya da Armeniya da Indiya da Japan, sai alƙalai suka rasa ma'auni: wane ne farar fata? Wasu suka koma ga littattafan masana, suka ce farar fata shi ne Caucasian. A 1915 wata kotun ɗaukaka ƙara ta amince cewa wani ɗan Siriya mai suna George Dow farar fata ne.

A watan Nuwamba na 1922 maganar ta kai Kotun Ƙoli. Takao Ozawa haifaffen Japan ne, ya yi shekara 20 a Amurka, ya yi karatu a can, da Ingilishi ake magana a gidansa. Hujjarsa ita ce fatarsa fara ce, ta ma fi ta wasu Turawan haske. Kotu ta ce ba hasken fata ake dubawa ba. Farar fata a doka na nufin wanda yake Caucasian, Bajapane kuwa ba ya ciki.

Bayan wata uku, a Fabrairun 1923, sai ga ƙarar Bhagat Singh Thind, mabiyin addinin Sikh daga Punjab, wanda ya yi aikin soja a rundunar Amurka lokacin yaƙin duniya na farko. Shi kuma ya riƙe kotu da maganarta: littattafan masanan da kuka dogara da su sun sa mutanen arewacin Indiya cikin Caucasian, don haka na cancanta. Alƙalin da ya rubuta hukuncin Ozawa, George Sutherland, shi ne ya rubuta wannan ma. Ya ce ko da masana sun faɗi haka, abin da doka ke nufi shi ne farar fata kamar yadda mutumin kan titi ya fahimce ta, kuma mutumin kan titi ba ya kallon Ba'indiye a matsayin fari. An ƙi Ozawa da hujjar kimiyya, an ƙi Thind da hujjar cewa kimiyya ba ta da ta cewa. Bayan hukuncin gwamnati ta bi wasu Indiyawan da suka riga suka samu takarda ta ƙwace. Sai a 1952 aka cire sharaɗin launi gaba ɗaya daga dokar zama ɗan ƙasa.

Kalmar ta kuma yi aikin mai gadi a wasu ƙofofin. A takardun cinikin gidaje a birane da yawa akan rubuta sharaɗin cewa ba za a sayar ko a ba da haya ga wanda ba Caucasian ba. A 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan golf ta Amurka ta riƙe irin wannan ƙa'ida a kundinta daga 1934 zuwa 1961. Ta wannan hanya ce kalmar ta zauna daram a bakin lauyoyi da 'yan sanda da likitoci, har ta zama kamar ita ce hanyar ladabi ta cewa "fari". Abin lura shi ne hukumar ƙidayar Amurka ba da ita take aiki ba; White take rubutawa.

## Inda ta taɓo mu

Za a iya ɗauka duk wannan rigimar Turawa ce a gidansu. Sai dai reshenta ya iso har Sakkwato da Kano. Da Turawa suka shigo Afirka suka tarar da dauloli da birane masu ganuwa da alƙalai da rubutu, sai abin ya ci karo da abin da suka riga suka yarda da shi game da baƙar fata. Mafitar da suka samu ita ce ƙirƙiro wani reshe na Caucasian mai duhun fata, suka kira shi Hamawa, wai zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu, suka ce su ne suka shigo daga arewa maso gabas da duk wani ci gaba da aka gani. Masanin Ingila C. G. Seligman, a littafinsa kan jinsunan Afirka na 1930, ya faɗi ƙarara cewa wayewar Afirka ta Hamawa ce, ya kwatanta su da Turawa makiyaya da suka fi manoma baƙaƙe makami da kaifin tunani. Cikin waɗanda ya lissafa akwai Buzaye da Fulani.

Turawan mulki a Arewa, har da Gwamna Lugga, sun yi rubutu da wannan tabarau a idonsu. Sun tarar da tsarin sarauta da shari'a da haraji wanda jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa a kan tsofaffin masarautun Hausa, tsarin da ya ginu a kan karatu da ƙwarewar mulki ta ɗaruruwan shekaru, amma da suka zo bayani sai suka jingina shi ga jini da siffar hanci. Masanin harsuna Bajamushe Carl Meinhof ya bi wannan layi a 1912, ya haɗa Fulatanci da Hausa da Somaliyanci da harshen Masai cikin abin da ya kira harsunan Hamawa.

Binciken harshe ne ya rushe ginin. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa littafinsa na 1963, Joseph Greenberg ya nuna cewa babu wani dangin harsuna mai suna na Hamawa. Fulatanci ɗan'uwan Wolof da Serer ne na ƙasar Senegal, cikin babban dangin da ya haɗa da Yarabanci da Ibo. Hausa kuwa tana cikin harsunan Cadi, waɗanda suke da dangantaka ta nesa da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye. Wato mutanen da aka ce su ne suka fi kusa da Caucasian harshensu ɗan Afirka ta Yamma ne tsantsa, waɗanda aka ajiye a ƙasa da su kuma su ne harshensu ke da zumunta da na Gabas ta Tsakiya. Harshe da launi da siffa ba su tafiya a jere yadda aka zana.

A Ruwanda wannan tatsuniya ta yi mummunan ƙarshe. Masu mulkin mallaka sun ɗauki Tutsi a matsayin Hamawa baƙi, Hutu kuma 'yan ƙasa, Beljiyam ta rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida a shekarun 1930. Masu tunzura kisan kiyashin 1994 sun yi amfani da wannan magana, suna cewa a mayar da Tutsi Habasha inda suka fito.

## A Rasha kuma, akasin haka

Wanda ya je Mosko da ma'anar Amurka a kansa zai sha mamaki. A can "ɗan Kaukasus" na nufin ɗan Kaukasus: Bacecene, ɗan Dagestan, ɗan Armeniya, ɗan Azarbaijan. Kuma sau da yawa ba yabo ba ne. Masu wariya a Rasha kan kira su "baƙaƙe" saboda duhun gashi da ido, 'yan sanda sun fi tare su a tashoshin jirgin ƙasa, akan kuma ga tallar gidan haya da aka rubuta cewa Silabawa, wato Rashawa da danginsu, kaɗai ake so. Tarihin da ke bayan wannan mai ɗaci ne: a Fabrairun 1944 Stalin ya kwashe Cecenawa da Ingush baki ɗaya zuwa tsakiyar Asiya, ga kuma yaƙe-yaƙe biyu na Checheniya da suka fara a 1994 da 1999.

Ma'anonin biyu sun yi karo a bainar jama'a a Afrilun 2013, bayan harin bam a gasar gudun birnin Boston. Da aka gano cewa 'yan'uwa biyun da suka kai harin 'yan asalin Checheniya ne, sai aka ga Amurkawa na gardama a kafafen labarai ko za a kira su farar fata. Mutanen da kakanninsu suka fito daga tsakiyar duwatsun Kaukasus ake tababar ko sun cancanci sunan Caucasian, domin su Musulmi ne kuma baƙi.

## Masu cewa a bar ta, da masu cewa a ajiye ta

Masu kare amfani da kalmar suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce ma'anar kalma tana ga masu amfani da ita, ba ga asalinta ba. Hausa ma shaida ce: Baturen zaɓe da Baturen 'yan sanda da Baturen gona duk 'yan gida ne, babu wanda ke tambayar wace ƙasar Turai suka fito. Kalma ta tashi daga asali ta koma muƙami, kowa ya gane. Haka, a cewarsu, duk Ba'amurke ya san abin da ake nufi da Caucasian, kuma ba ya tunanin Blumenbach idan ya furta ta. Wasu ma sun fi son ta saboda suna jin kalmar "fari" ta yi tsirara da yawa a ƙasar da launi ke tayar da jijiyar wuya. Akwai kuma likitoci da masu binciken gawa da ke cewa, duk da kaushin rabe-raben, suna ba da wani haske: wasu cututtukan gado sun fi yawa a zuriyar wani yanki, kamar yadda sikila ta fi yawa a namu.

Masu adawa na amsawa da cewa misalin Baturen zaɓe bai yi daidai ba, domin shi ba ya da'awar kimiyya. Matsalar Caucasian ita ce tana sanye da rigar likita. Mai jin ta zai ɗauka akwai wani bincike a ƙarƙashinta, alhali abin da ke ƙarƙashinta shi ne ra'ayin mutum ɗaya game da kyan ƙoƙon kai. Suna kuma nuni da 'yan'uwanta: kalmomin da aka ƙirƙira tare da ita don baƙaƙe da mutanen Gabashin Asiya an daina amfani da su saboda muninsu, har ƙasar Mongoliya ta nemi Hukumar Lafiya ta Duniya a 1965 ta daina kiran wata lalurar haihuwa da sunan mutanenta. Wadda aka tanadar wa na saman jeri ce kaɗai ta tsira.

Ilimin ƙwayoyin gado ya fi karkata ga ɓangare na biyu. A 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin gado tsakanin 'yan Adam ana samun sa ne a cikin al'umma guda, ba tsakanin manyan jinsuna ba, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa Afirka ta fi kowace nahiya yawan wannan bambanci. Sikila ma ba launi take bi ba; zazzaɓin cizon sauro take bi, shi ya sa ake samun ta a Indiya da Saudiyya da Girka. Saboda haka mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2021 ta umarci marubutanta su keɓe kalmar ga mutanen yankin Kaukasus kaɗai, a 2023 kuma majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta ba masu binciken gado shawarar su daina amfani da ita. Kamfanin dillancin labarai na AP ma ya hana 'yan jaridarsa sa ta a madadin "fari", sai dai in maganar wani suke kawowa. Duk da haka tana nan a bakin jama'a da fom ɗin asibitoci da kamfanoni, kuma babu alamar za ta ɓace nan kusa.

## Ga mai cike fom, da mai zuwa asibiti, da mai fassara

Idan fom daga Amurka ko Kanada ya kawo Caucasian cikin zaɓi, farar fata ɗan asalin Turai yake nufi. Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare, komai haskensa, gurbinsa shi ne na Black, kuma takardun gwamnatin Amurka sun ambaci Najeriya da suna a matsayin misali a ƙarƙashinsa. Nan ne Hausa ke iya ruɗar da mutum, domin mu idan muka ce wance fara ce, ko wane wankan tarwaɗa ne, fata muke siffantawa, su kuwa zuriya suke tambaya. Ga wanda yake kan iyaka, kamar Balaraben Shuwa daga Borno ko Buzu daga Agadas ko Bahaushen Sudan, ƙa'idar ita ce mutum shi ke faɗin abin da yake, kuma tun 1997 an yarda ya zaɓi gurbi fiye da ɗaya. A yawancin fom ɗin aiki da makaranta ma ba dole ba ne a amsa tambayar.

A asibiti abin ya fi nauyi. Yawancin ma'aunan da ake kwatanta sakamakon gwaji da su an samo su ne daga binciken da aka yi a kan Turawa, sannan aka riƙa yi wa sauran jama'a gyaran fuska bisa launi. Misali mafi shahara shi ne lissafin ƙarfin ƙoda: tsohon tsarin yakan ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin 100 a kan sakamakonsa, sai ƙodarsa ta bayyana kamar ta fi lafiya, a makara wajen tura shi ga ƙwararre. A 2021 ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka cire launi daga lissafin. Mai ciwon suga ko hawan jini da ake bibiyar ƙodarsa yana da damar tambayar likita da wane lissafi aka fitar da sakamakonsa.

Nauyi mafi girma yana kan masu fassara, a gidajen rediyo da jaridu da shafukan labarai. Kalmar ba ta da fassara ɗaya a Hausa, kuma na'urar fassara ba ta san wannan ba. Idan 'yan sandan Chicago suka ce suna neman Caucasian mai shekara 30, "farar fata" ne, ko "Bature". Idan labari ya fito daga Mosko yana cewa an kama Caucasian uku a kasuwa, "'yan yankin Kaukasus" ne, kuma akwai yiwuwar Musulmi ne daga Dagestan ko Checheniya; wanda ya rubuta "Turawa uku" ya ɓatar da ainihin labarin. Idan masanin harsuna ne ke magana, dangogin harsunan nan uku yake nufi, ba Ingilishi ko Faransanci ba. Idan kuma tsohon littafin zamanin mulkin mallaka ne ya kira Fulani ko Buzaye da sunan, sai mai fassara ya ƙara wa mai karatu bayanin wanda ya rubuta da shekarar da ya rubuta.